Na Je Indiya Karatun Iri, Na Ɓuge da Jinya

Ban kai ga shaƙar iskar Indiya ba aka raba ni da abin da ya kai ni ƙasar. A filin jirgi ne, wurin duba kaya. Wata ma'aikaciya mai kaki ta zuge akwatina, ta ci karo da ƙananan ambulan kusan arba'in, kowanne da rubutun hannuna a bayansa: dawa kaura daga Bungudu, farfara daga Tsafe, gero daga Wanke, sai wake da gyaɗa. Damina biyu na yi ina tara su.

Aikina ke nan a Gusau. Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin gwajin iri: in ƙirga ƙwaya ɗari, in jera a kan jiƙaƙƙiyar takarda, in naɗe, in jira kwanaki, sannan in duba nawa suka tsiro. Manoma suna kuka da irin kasuwa, a shuka gona guda rabi ya ƙi fitowa. Ga shi kuma da yawansu rashin tsaro ya raba su da ƙauyukansu, irin gadon da suke adanawa a rumbu yana ɓacewa tare da ƙauyukan. Da wata cibiyar binciken noma a kudancin Indiya ta ba ni gurbin horo na wata shida, sai na ce zan tafi da namu irin, in auna shi da na'urorin da ba mu da su.

Na miƙa wa ma'aikaciyar takardar shaidar lafiyar iri da wani mutum ya samo mini a Abuja, wanda ya rantse mini cewa ofishin a tafin hannunsa yake. Ta juya ta gaba da baya, ta kira shugabanta. Suka daɗe a gaban kwamfuta. Da ya ɗago, ba faɗa ya yi ba, a hankali ya ce:

"Madam, lambar da ke jikin takardar nan ba ta kowane ofishi ba ce. An cuce ki."

Na roƙe shi har na rasa Turancin roƙo. Na ce masa ɗaya daga cikin ambulan ɗin nan wani dattijo ne ya kwance mini daga bakin tsumma a Bungudu, kuma shi ke nan abin da ya fito da shi daga ƙauyensu. Ya saurare ni har na gama, ya ce doka ce, ƙwaya ɗaya mai ciwo tana iya cinye gonakin ƙasa guda. Ni ma na san haka, abin da nake koya wa mutane ke nan. Suka zuba su duka a baƙar leda, suka ce ƙonawa za a yi. Na ja akwati mara nauyi na fito.

Masauki ɗaki ne ɗan ƙarami a bene na uku, fanka tana kuka kamar za ta faɗo. Makonnin farko abinci ya hana ni sakat. Mu ma muna cin yaji, amma nasu daban ne, har shayi sai an zuba masa kayan ƙamshi. In na yi tambaya sai a kaɗa mini kai gefe da gefe, in rasa ko e ake nufi ko a'a. A bas mata suna kallona, wata har ta kai hannu ta murza fatar hannuna ta duba yatsanta. Na gaji tun kafin a fara komai.

A cibiyar, tunda nawa irin ya tafi, sai aka ba ni nasu in yi aiki a kai. Aka haɗa ni da wata dattijuwa, Lakshmi, wadda ta fi shekara talatin tana wanke kwanonin gwaji da jera iri. Ba ta da digiri, amma in ta dubi ƙwayar dawa ta ce ba za ta fito ba, to kada ka ɓata takarda. Turancinta guntu-guntu ne, nawa kuma na makarantar Gusau, a haka muka fahimci juna. Ita ta koya mini tsaga ƙwaya da reza a jiƙa ta cikin wani ruwan magani: mai rai ta yi ja, matacciya ta zauna fara. Kullum da rana sai ta buɗe ɗan kwanonta ta tura mini rabin shinkafa da nono, don ta lura shi kaɗai ke zama mini a ciki.

Gida kuwa sai a waya. In na tashi aiki, can azahar ba ta daɗe da wucewa ba. Maigidana, Malam Haruna, malamin sakandare ne, sai ya miƙa wa 'ya'yanmu mata biyu wayar su yi ta ba ni labarin wadda ta ci wa wata nama. Ina jin ƙarar babura ta bayansu da muryar mai tallan awara a layinmu na Damba, in na kashe wayar sai ɗakin ya ƙara ƙanƙancewa.

A wata na uku, ina wanka da safe, hannuna ya taɓa wani ƙullutu a nonona na hagu. Bai kai ƙwayar gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Na ce ƙaiƙayin zafi ne. Bayan mako biyu yana nan.

Akwai wani shago da 'yan Afirka ke sayen garin rogo da manja, can na haɗu da Bashari. Ya ji ina waya, ya matso ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Mutanen ina?" Rabona da in ji Hausa a kunnena ba ta waya ba tun ranar da na sauka. Ya ce shekararsa tara a ƙasar, aikinsa raka marasa lafiya asibiti da yi musu tafinta. Ban san lokacin da na gaya masa abin da ko mijina ban gaya wa ba.

Ya girgiza kai. "Kada ki kuskura ki je babban asibiti. Su wuƙa ce gaisuwarsu. Ki shiga da biyu ki fito da ɗaya. Akwai likitan da na sani, narkar da shi yake yi, ko allura ba ya yi."

Ya kai ni wani wuri a saman shagon yadi. Mutumin yana da farar riga da takardu jere a bango. Bai ɗauki hoto ba, bai ɗebi jini ba, ya taɓa ta saman riga ya ce ƙaramin abu ne. Ya ba ni wasu ƙwayoyi masu ɗaci da man shafawa. Mako shida ina sha ina shafawa. Ni da ban taɓa yarda da buhun iri ba sai na gwada, na yarda da mutum don kawai ya gaishe ni da harshen uwata. Ƙullutun ya kai girman goro, wani kuma ya fito a hammata. Da na kira Bashari in gaya masa, ya ce alamar magani na aiki ke nan. Washegari lambarsa ta daina shiga.

Lakshmi ce ta gane. Na ɗaga faranti zan ɗora a kan tebur, hannun hagu ya ƙi miƙewa, farantin ya zube. Ba ta dubi irin da ya watse ba, ta ja ni banɗaki ta rufe ƙofa. Ta taɓa wurin, ta dube ni, sai ta fara faɗa da yarensu, faɗa sosai, irin na uwa. Ban ji kalma ɗaya ba amma na gane duka. Ta cire rigar aikinta, ta riƙe hannuna kamar yarinya, muka hau bas biyu zuwa asibitin ciwon daji. A hanya ta gaya mini ƙanwarta haka ta ɓoye, sai da ya fashe.

Aka ɗauki hoto, aka soka allura mai kauri aka ciro ɗan nama. Bayan kwana biyar wata likita, mace ce mai furfura a gaban goshi, ta zaunar da ni. Ba ta kewaya ba. Ta ce sankarar mama ce, ta kai hammata amma ba su ga ta wuce nan ba. Za a fara da kemo, wato maganin da ake ɗurawa ta jijiya, sannan tiyata, sannan gashi da na'ura. Ta tambayi yaushe na fara jin shi. Da na faɗa, ta ajiye biro ta ce, "To, daga yau za mu fara ƙirga."

Na kira Malam Haruna daga barandar asibitin. Ya yi salati ya maimaita, sannan ya ce, "Rabi, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ya nemi biza bai samu ba, ƙanwata ma ta nema aka hana ta. Inshorar da cibiyar ta yi mana ta ɗauki wani ɓangare, sauran kuma ya sayar da filinmu da muke cewa wata rana za mu gina. Ya ce maganar nan ba ta waya ba ce ga tsohuwa, don haka ya bi hanyar Tsafe da kansa, hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki, ya gaya wa mahaifiyata, Inna. Da yamma sai ga kiranta. Na shirya wa kuka, amma sai ta ce:

"Rabi, mi kika ci yau?"

"Shinkafa da nono, Inna."

"Ki ƙara. Ciwo ba ya son cikin da ba kowa."

Ba ta ambaci sunan cutar ba, ranar ko bayanta. Kullum tambayarta ke nan, har na dawo.

Kemo ba abin da zan iya kwatanta wa wanda bai sha ba. Ɗaki ne dogo, kujeru a jere, kowa da ledarsa a rataye. Nawa na farko ja ne kamar zoɓo. Kwana uku bayan kowane zagaye ba na iya ɗaga kai, ruwa ma ƙarfe-ƙarfe yake mini a baki. A mako na uku na kai hannu zan tsefe kitso, sai kitson ya biyo hannuna. Na zauna a bakin gado da shi a cinya, na rasa inda zan zubar. Farce ya yi baƙi. Sallah a zaune, wani lokaci a kwance. A haka kuma sai da na je ofishin baƙi sau huɗu don a mayar da bizata ta karatu zuwa ta jinya, kowane zuwa a ce saura takarda ɗaya. A zuwa na uku na yi amai a layi, wani ɗan sanda ya kawo mini kujera, amma bai sa an matsar da ni gaba ba.

Ranar zagaye na uku ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya ta rasa, ta soka nan ta soka can. Ban san na yi magana a fili ba, ashe na ce, "Wayyo Inna."

Sai na ji daga bayana: "Sannu, 'yar gida. Ki saki hannun, kina ƙanƙame shi ne shi ya sa."

Na riga na fara jin tsoron Hausa a ƙasar nan. Na waiga, na ga wata mata mai jiki, da sarƙar gicciye a wuya, tana riƙe da kofi a bakin wani mutum da ya rame ƙwarai.

"Ke ta ina ce?" ta ce.

"Tsafe. Amma a Gusau nake aure."

Ta ajiye kofin ta dafe ƙirji. "Gusau? Ke, ni nan a Gusau aka yanke mini cibiya! Babana shagon kayan babur gare shi. Wace unguwa?"

Sunanta Madam Ngozi, Ibo ce, amma Hausarta ta fi tawa Zamfaranci. Mijinta ne ke da ciwon a maƙogwaro, watansu takwas a nan. Ta zayyano mini masu waina na bakin kasuwa da sunayensu, wasu sun rasu tun ina yarinya. Muna cikin wannan aka samu jijiyar ban ji ba.

Na ba ta labarin Bashari. Ta ce ta san irinsu, a ƙofar asibiti suke kwana suke tashi, ita ma sun taɓa ta da farko. "Amma kada ki ce don kunama ta harbe ki kin daina taka ƙasa," in ji ta. "Gobe ina zuwa ɗakinki."

Ta zo da tukunya a cikin jaka. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa ɗanya, har da 'yar daddawar da take ɓoyo tun daga gida. Na yi loma uku na fashe da kuka, ta ce in yi kukan in gama amma tuwon nan sai ya ƙare. Tun daga ranar, duk kwanakin da kemo ya kayar da ni tana zuwa, ta bar mijinta na awa ɗaya, ta wanke mini kaya, ta goge ɗaki. In lokacin sallah ya yi ita ke kawo mini ruwa a roba ta juya mini kujera ta fuskanci alƙibla, wadda a Indiya yamma take, ba gabas ba. Ita ta aske mini sauran gashin da ya rage tsilli-tsilli, tana yi tana zagin rezar.

A kwanakin da nake samun dama-dama ina lallaɓawa cibiyar. Sun yi mini adalci, suka ƙara mini lokaci. Lakshmi ta kawo mini kujera mai jingina, ita ke ɗaga faranti, ni in ƙirga. Wani lokaci in kai sittin in manta, in koma farko. Ba ta taɓa nuna ta gaji ba. Abin da abokan karatuna suka gama a wata shida, ni sai da na ninka.

Ana saura mako ɗaya a yi mini tiyata mijin Madam Ngozi ya rasu, da hantsi, tana ba shi ruwa da cokali. Na je na same ta zaune a dakalin asibiti da takalmansa a leda. Ban san abin da ake faɗa a addininsu ba, sai na faɗi namu, na ce Allah ya ba ta haƙuri. Ta ce amin. Kwana tara ta yi tana yawon takardun ɗaukar gawa, amma ranar tiyatata da na farfaɗo ita na fara gani, ita da Lakshmi, suna zaune gefe da gefe ba mai jin yaren wata. Da za ta tafi ta bar mini tukunyar da sauran daddawar. Ta ce, "In kin koma ki gaida mini Gusau. Ni ban san ko zan ƙara ganinta ba." Can garin mijin za a kai shi, kuma can za ta zauna.

An cire nonon duka, da abin da ke hammata. Kafin a shiga da ni likitar ta kawo wata takarda, ta ce suna neman izinina su ajiye wani ɓangare na abin da za a cire don bincike, saboda ba kasafai suke samun na matan ƙasashenmu ba, kuma in na ƙi ba abin da zai canza a jinyata. Na karanta har ƙarshe, layi-layi, don na koyi karanta takarda. Na sa hannu. Ƙasar da ta ƙi karɓar dawata ta karɓi tsokata.

Gashi da na'urar ya ɗauki makonni, kullum in kwanta a ƙarƙashin na'ura hannu a sama, fata ta ƙone ta yi baƙi. Babu Madam Ngozi, ni nake dafa wa kaina in na iya. Ranar ƙarshe likitar ta ce ba ta ga komai ba a hoto, amma ba za ta ce mini na warke ba sai shekaru sun wuce. Ta ba ni ƙwayoyin da zan daɗe ina sha da takardar zuwa awo. Cibiyar ta ba ni shaidar kammalawa a ofis, ba taro, don 'yan ajinmu sun daɗe da watsewa. Lakshmi ta raka ni har bakin mota, ta kama fuskata da hannu biyu ta faɗi wani abu da yarensu. Ban tambayi fassara ba.

Wata goma sha huɗu na yi. Da na shiga gida a Damba, ƙaramar 'yata ta tsaya a bayan babanta tana leƙena, sai da na yi magana ta taho. Na kwana biyu, na ce a kai ni Tsafe. Inna ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce na yi baƙi, ta tashi ta ɗora tukunya.

Mata suka yi ta shigowa sannu da zuwa. Na ga idanunsu suna sauka a ƙirjina suna ɗaukewa da sauri. Hannuna na hagu a kumbure, ba abin da nake so irin in kwanta. Bayan la'asar kowa ya watse sai Asabe, maƙwabciyarmu, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ta zauna tana murza bakin mayafi.

"Rabi, an ce ke kin ga abin da idonki," ta ce. "Ko za ki duba mini wani abu?"

Muka shiga ɗakin Inna na saki labule. Da ta ɗaga riga, wari ya riga idona. An lafta wa nonon wani baƙin magani an rufe da tsumma. Ta ce ya fi shekara, ko mijinta bai gani ba.

"Asibiti za mu, Asabe."

"Yankewa za su yi."

"Mai yiwuwa."

Ta fara girgiza kai tana ja da baya. Sai na kama hannunta na sa shi ta cikin rigata, a kan tabon, inda babu komai sai ƙashi. Ta so ta janye na riƙe.

"Kin ji? Babu shi. Ga ni kuma ina miki magana."

Ta daɗe da hannunta a wurin. Sannan ta ce, "Da zafi?"

"Da zafi ƙwarai."

"Zan tashi?"

"Ban sani ba. Ni ma nawa ban sani ba tukuna. Amma wanga tsumma ba zai tashe ki ba. Ki gaya wa mijinki yau, in kin kasa ni in gaya mishi. Jibi da safe mu kama hanyar babban asibitin Zariya."

Ta share fuska da mayafi ta fita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Inna tana bakin ƙofa da muciya a hannu, ashe duk ta ji.

"Ke da ko gajiyar hanya ba ki sauke ba," ta ce.

"Ba ta san ƙofar da ake shiga ba, Inna."

Ta koma wurin tuwonta. Na zauna a bakin gado. Kafin magariba sai ga sallamar mijin Asabe a zaure, yana tambaya ƙarfe nawa motar farko ke tashi.